Yadda Ƙaltume Ta Saukar da Cuta Ƙafa

Shekara ashirin da biyu ɗakina yana jingine da na Ƙaltume a gidan haya ɗaya a unguwar Nima, cikin Accra. Bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon ma ba wani na kirki ba, in ta yi atishawa daga ɗakina nake yi mata addu'a. Saboda haka in ina ba da labarinta kada wani ya zo yana gyara mini. Ni ce Sahadatu tela, kuma a kan kekena aka ɗinka rabin rashin gaskiyar da zan ba ku labari, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

A Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, aka haife ta, uwarta mutuniyar Salaga, ubanta mahauci. Tun tana budurwa take sayar da waakye, shinkafa da waken nan namu, a bakin tashar trotro, motocin hayan nan namu, kuma a nan Hudu Direba ya gan ta. Shi dai ya ce abinci ya zo saya. Wata uku yana saye sau biyu a rana, sai da wandonsa ya daina shigarsa sannan ya turo manya. Har suka tsufa ba ta taɓa kiran sunansa ba, Direba take ce masa.

Gajeruwa ce, ba ta da hayaniya, kuma ba ta iya kallon babba ta ce masa a'a. Ni in raina ya ɓaci sai an jiyo ni har unguwar Kokomlemle, ita kuwa murmushi za ta yi ta ce to. Amma wanda ya ɗauke ta sakarya ya cuci kansa. Direbobin tasha suna da wata mummunar ɗabi'a, mutum ya gama taɓa taya da baƙin mai, ya zo ya tsoma yatsa a tukunyar nama wai yana duba laushi. Da ni ce da ludayi zan karya yatsan. Ƙaltume sai ta samo ɗan faranti, ta yayyanka ganda ta ajiye can ƙarshen tebur nesa da tukunya, ta juya baya kamar ba ta gani. Kowa ya zo ya saci ɗaya ya jefa baki yana jin shi gwani ne. Daga ranar ba wanda ya sake kai hannu tukunyarta.

A shekarar casa'in da shida Hudu ya fara kumburin ƙafa. Hawan jini ne da ya daɗe yana rainawa, yana cewa gajiyar tuƙi ce. Da aka kai shi babban asibiti aka ce ƙodarsa duka biyu sun gaza, sai an riƙa wanke masa jini da inji sau biyu a mako. Ɗansu Jalilu da ke Jamus ya ɗauki nauyin abin. Don injin ya samu hanyar jan jini, aka sa wa Hudu wata roba mai baki biyu a gefen wuyansa na dama, ta shiga babbar jijiya har kusa da zuciya, aka rufe wurin da farar auduga da filasta.

Nas ɗin da ke kula da shi, Sista Adole, doguwar mace ce 'yar ƙabilar Ga, Hausarta ta kasuwa ce amma tana isar da saƙo. Ta zaunar da Ƙaltume ta ce wannan roba ƙofa ce zuwa cikin jini, duk abin da ya bi ta ciki ya tafi ke nan. Kada ruwa ya taɓa wurin. Kada a ɗaga audugar, kada a sosa, kada kowa ya taɓa murfin robar, su kaɗai za su buɗe a asibiti. In ya fara zazzaɓi ko karkarwa, ko wurin ya yi ja, a kawo shi a lokacin, ba gobe ba. Ƙaltume ta ce to, kuma ta riƙe duka.

Sai dai Sista Adole ba ta san Nima ba. A Nima ba a ciwo a ɓoye. Ranar da Hudu ya dawo gida takalman 'yan dubiya sun kai har bakin famfo. Kuma mu a wurinmu duk wanda ya iya Fatiha in ya zo dubiya sai ya yi tofi, tofin kuma a kan ciwon ake yi, ba a iska ba. Mata da yara Ƙaltume ta iya lallaba su daga bakin ƙofa. Wanda ba ta iya tarewa ba shi ne Malam Ƙasimu.

Malam Ƙasimu yayan Hudu ne uwa ɗaya uba ɗaya, limamin ƙaramin masallacin layinmu. Shi ya riƙe Hudu tun rasuwar ubansu, shi ya kai shi koyon mota, shi ya nema masa auren Ƙaltume. Mutumin kirki ne, wallahi, ban taɓa jin ya zagi ko kaza ba. Kuma goro ba ya barin kumatunsa sai in zai yi salla. Ranar Talata ya zo, ya zauna a bakin gado, ya sa farce ya ɓamɓare filastar, ya ɗaga auduga. Ya yi karatu mai tsawo, ya tofa sau uku a bakin ramin, ya shafa da babban yatsa, ya mayar ya manna. Ƙaltume tana tsaye da kofin ruwan baƙi a hannu. Na ga bakinta ya buɗe, na ga ya rufe.

Ranar Alhamis da rana tsaka, ana zafin da kowa ke neman inuwa, Hudu ya ce a lulluɓe shi. Bargo uku muka jibga masa, haƙoransa na ta haɗuwa har ina ji daga tsakar gida. Muka sa shi a tasi sai asibiti. Aka ce cuta ta shiga jini ta hanyar robar, aka zare ta, aka yi ta ɗura masa allurai. Kwana goma sha ɗaya ya yi a can, uku daga ciki bai san wanda ke kansa ba. Na ga Ƙaltume zaune a kan benci ba ta kuka, ni na yi kukan a madadinta.

Ya tashi, amma jijiyar dama ta lalace. Suka sa sabuwar roba a hagu. Suka kuma yi masa ƙaramin aiki a hannu, suka haɗa jijiya biyu, wai in ta yi ƙwari nan za a riƙa sa allurar wankin jini, a rabu da robar wuya gaba ɗaya. Sista Adole ta ce wata biyu za a jira, kuma ba ta ɓoye mana komai ba.

Ta ce, "Maame Ƙaltume, hagu kaɗai ya rage a wuyan nan. In wannan ma ta kamu, ban sani ba ko jikinsa zai sake ɗauka."

Ƙaltume ta faɗa mata abin da ya faru ranar Talata, ta tambaye ta ko tofin ne. Sista ta ce ba za ta rantse ba, yana iya zama ruwa, ko gumi, ko farce. Amma bakin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin cuta, shi ya sa su kansu ba sa buɗe wurin sai sun rufe baki da hanci sun sa safar hannu.

A hanyar dawowa na ba ta shawarata, kuma har yau ina ganin ba ta da laifi. Na ce ta sayi kwaɗo ta garƙame ƙofa, wanda ya zo ta turo shi wurina.

Ta ce, "Sahadatu, in kori Malam daga kan ƙaninsa? Da wace fuskar zan sake fita layin nan? Kuma kin san Direba, ya gwammace ya mutu da ya kunyata yayansa." Muka wuce babban gota. Sannan ta ce, "Addu'ar ina so. Yawun ne ba na so."

Washegari da safe ta shigo ɗakina da ƙulli a zani. Ta kwance, sai ga guntun siririn tiyo da ta yanko daga tsohon kayan motar Hudu, an wanke shi fes, ga bandeji, ga kwalbar jibi, shuɗin maganin ciwon nan. Ta ce in ɗinka wa Direba riguna uku masu dogon wuya, masu maɓalli, sakakku yadda iska za ta shiga. Na dubi tiyon, na tuna farantin ganda, na yi dariya har na dafe keke.

Muka naɗa wa Hudu bandeji a gwiwar hagu, gwiwar da ko sauro bai ciza ba, muka ɗiga jibi, muka bar bakin tiyo yana leƙowa. Robar gaskiya kuwa tana can ƙarƙashin wuyan riga, ba mai gani. Hudu ya dubi gwiwarsa ya ce, "Ƙaltume, ki ji tsoron Allah."

Ta ce, "Shi nake ji, shi ya sa. Miƙe ƙafar."

Da la'asar Malam ya zo da mutane. Ƙaltume ta juya gadon yadda ƙafa ce ke fuskantar ƙofa, kai yana can lungu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta nuna gwiwa ta ce, "Malam, ga inda za a yi." Ku lura, iyakar abin da ta faɗa ke nan. Wata tsohuwa mai suna Abibata, wadda ba a taɓa yin abu a Nima ba ta san fassararsa ba, ita ta ƙarasa mana aikin. Ta daki ƙirji ta ce cuta ta baro wuya ta sauka gwiwa, alamar fita za ta yi, haka aka yi wa kawunta a Tamale. Ƙaltume ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah Ya sa." Malam ya yi hamdala, ya tofe gwiwar nan sau bakwai. Hudu kuwa, munafuki, har da ɗan nishi in an taɓa.

A nan muka yi kuskure. Tun da an ce cuta sauka take yi, mako na zagayowa kowa ya shigo tambayarsa ɗaya, ina ta kai? Dole muka sassauta bandeji muka matsar da shi ƙasa. Mutane suka yi murna, mu ma daɗi ya kwashe mu, muka ƙara matsarwa. Labari ya bazu har Maamobi cewa tofin Malam Ƙasimu yana koro ciwon ƙoda ta ƙafa. Aka fara zuwa daga nesa. Akwai ranar da ƙwaurin Hudu ya sha tofin mutum talatin da ɗaya, na ƙirga, da yamma sai da muka wanke shi da sabulu sau biyu.

Duk wannan wasa a ƙafa yake. A wuya Ƙaltume ba ta wasa. Ta bar wa ƙanwarta tebur ɗin waakye ta zauna gida. Wanka daga ƙirji zuwa ƙasa take yi masa da soso, sama kuwa tsumma mai ɗumi ta matse ta goge, ta kewaye audugar da nisa. In zai yi alwala tana tsaye da tawul a wuyansa. Kafin ta gyara masa ko maɓallin riga sai ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, tafinta ya yi ta saɓa. Ta yanke masa farce har sai da ya yi ƙorafi. Filasta ga ƙaiƙayi a zafin Accra, sai ka ga hannunsa ya nufi wuya a sace, ita kuma ludayi na gefenta. Ludayin da ba ta taɓa dukan direban kowa da shi ba, nata direban ya sha shi. Safe da yamma tana taɓa goshinsa da bayan hannu, in ta ji sanyi sai ta sauke numfashi. Ran da gefen filasta ya ɗan ɗago saboda gumi ba ta manna da kanta ba, tasi ta ɗauka ta kai shi aka canza.

Mako na biyar bandeji ya kai idon sawu. Na shida yana bayan ƙafa. Na bakwai ya hau babban yatsa. Na takwas muka je asibiti da murna, Sista Adole ta ɗora yatsu a hannun Hudu, ta saurara, ta girgiza kai. Ta ce jijiyar tana zuwa amma ba ta isa ba, a ƙara mako uku. A cikin tasi Hudu ya dubi ƙasa ya ce, "To ni dai ƙafa ta ƙare."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka ji hayaniya a ƙofar gida. Malam ne da mutane sun fi ashirin, da Abibata a gaba. Malam ya ce kwana tara ke nan cuta tana kan yatsa, yau da hannunsa zai kwance a ga fitarta. Na san in asiri ya tonu, tambaya ta gaba ita ce ina robar gaskiya take, kuma ɗakin cike yake da bakuna masu niyyar alheri.

Ya zauna a ƙasa, ya yi bisimilla, ya fara warware bandeji. Ya warware, ya warware, sai ga yatsa lafiyayye, shuɗi da jibi, ko ƙwarzane babu. Tiyon ya faɗo a tafin hannunsa. Ya juya shi, ya kai hanci. Allah Ya taimake mu bayansa ya tare wa mutane gani. Ya rufe hannu, bai waiwaya ba ya ce kowa ya fita tsakar gida, a ja labule. Na lallaɓa zan bi su sai ya ce, "Ke tela, zauna. Na san ɗinkinki."

Da ɗaki ya rage mu huɗu ya buɗe hannu ya ce, "Wannan tiyon mota ne. Wata biyu ina tofa Alƙur'ani a kan tiyon mota, Ƙaltume?"

Ta durƙusa. Sannan ta tashi ta je ta wanke hannu, mu duka muna kallonta, ta dawo ta ɓalle maɓallan wuyan Hudu. Farar auduga ta fito, tsaf, a bushe. Malam ya yunƙura zai matso.

Ta ce, "Daga nan za ka gani, Malam. Kada ka matso."

Ban taɓa jin ta ba babba umarni ba sai ranar. Malam ya tsaya a inda yake.

Ta ce, "Ranar Talata ka ɗaga audugar dama ka tofa. Ranar Alhamis ya fara karkarwa. Nas ta ce ba za ta rantse ba, ni ma ba zan rantse ba. Amma hagu kaɗai ya rage masa. Na rasa yadda zan hana ka, kuma ba na son ka daina yi masa addu'a. Ka yafe mini."

Hudu ya ce, "Yaya, ba laifinka ba ne."

Malam ya daɗe yana kallon tabon da ke wuyan dama. Na tausaya masa, don na ga lokacin da abin ya shige shi, fuskarsa ta zube kamar ya ƙara shekara goma. Ya sa yatsa ya ciro goron da ke kumatunsa, ya naɗe a takarda, ya sa aljihu. Ya ce, "Saura kwana nawa?"

Ta ce, "Mako uku."

Ya dubi ƙafar hagu da ta ƙare, ya dubi ta dama. Ya ce, "Miƙo bandeji." Da hannunsa ya naɗa shi a gwiwar dama, ya soka tiyon, ya ce in ɗiga jibi. Yana ɗaurewa yana faɗa, "Wannan karon a hankali za ta sauka. Ku garaje gare ku, wa ya ce ku gama ƙafa guda a mako bakwai?"

Ya fita tsakar gida ya ce wa mutane daga yau ƙafar dama za a yi wa tofi, daga gwiwa. Wani ya ce, "Malam, me ya sa?" Ya ce, "Wanda ya san dalili ya sani." Abibata ta gyaɗa kai ta ce ai dama ƙoda biyu ce, kowace da ƙafarta. Allah Ya jiƙan Abibata, ba ta san irin aikin da ta yi mana ba.

Daga ranar Malam ya zama mai gadi. Kullum bayan la'asar yana zaune tsakanin mutane da kan gadon, ya sa aka ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, ya ce ba a shiga wurin mara lafiya da hannu mai datti. Mai tari ko mura daga waje yake tsayar da shi. Goro kuwa bai sake shiga da shi ɗakin ba.

Bandeji yana tsakiyar ƙwauri Sista Adole ta ce hannu ya isa. Suka gwada sau biyu, inji ya ja jini lafiya, suka zare robar wuya. Mako goma sha ɗaya, ko zazzaɓin rana ɗaya bai yi ba. Sista ta tambayi Ƙaltume yadda ta yi da masu dubiya, Ƙaltume ta ce ai mutanen Nima suna da jin magana. Na kusa shaƙewa da dariya. Hudu ya ƙara shekara huɗu a duniya bayan wannan, ya ga jikokinsa biyu, kuma har ya rasu akwai masu rantsuwa cewa ta ƙafa ciwon ya yi sauƙi.

Ramin wuyan sai da ya yi kwana goma kafin Sista ta ce ya rufe sarai, ya yi wanka yadda yake so. Ranar da safe Ƙaltume ta aika a kira Malam, ta kira ni. Hudu na zaune a bakin gado ba riga, tabo biyu a wuya, dama da hagu. Ta durƙusa ta ce, "Malam, ga wuyan ƙaninka. Yau ka yi masa a inda kake so."

Malam ya wanke hannu, ko da yake ba wanda ya ce ya wanke. Ya tsaya a kan Hudu ya yi karatu, ya daɗe yana yi. Ya sunkuya zai tofa, ya tsaya. Ya sake tattara baki, ya kasa. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan tabon dama, ya bar shi a nan, kafaɗunsa na rawa.

Hudu ya ce a hankali, "Yaya, hawayenka na ɗiga mini a wuya."

Kafin ya rufe baki Ƙaltume ta riga ta fizgo tawul daga kan ƙusa, don hannunta ya saba. Ta yi taku biyu ta tsaya. Ta dubi tawul ɗin, ta mayar da shi inda yake.

Ta ce, "Bar shi ya ɗiga, Direba."